Hannun da ya kashe injin

Na bar gidan rediyo a Konni saboda wani tsoho. Shi ne shugaban sashen labarai, mutum mai sanyin jiki da taurin kai. Ko gobara ka gani da idonka, sai ya tambaye ka wa kuma ya gani. Haushi ya ishe ni, na buɗe shafina a Fesbuk, ni da salulata, babu mai ce mini dakata. Mutane suka yi ta bina, kaina ya kumbura.

Wata Laraba da hantsi ina kan hanyar Malbaza, wata babbar mota ɗauke da albasa ta take wani ɗan kabu-kabu. Na iso ƙafarsa na motsi a ƙarƙashin taya, jini na bin kwalta. Kafin in sauka daga babur har na fara ɗauka. Sai ga wani mutum yana saukowa daga mazaunin direba, makulli a hannunsa na dama. Na matso da fuskarsa sosai, na rubuta cewa ga direban da ya kashe talaka, na saka.

Ko yaron goye a yankinmu ya san direban da ya take mutum ba ya tsayawa. Dirowa yake ya ruga wurin jandarma kafin jama'a su taru su kashe shi. Ni ma na sani, amma ban tsaya na tuna ba. Mutumin nan mai faci ne a bakin hanyar. Direba ya gudu ya bar inji a kunne, shi kuma ya hau ya kashe don a samu a jawo wanda ke ƙasa.

Da azahar tsohon ya kira ni. Ya ce ya tambayi jandarma, direba na hannunsu tun safe, in sauke bidiyon. Na ce masa hassada ce ke cin sa, na kashe wayar.

Bayan an dawo daga jana'izar wanda motar ta take, 'yan kabu-kabu suka sami mai facin a rumfarsa. Ina wurin, na koma ɗaukar inda abin ya faru. Suka jawo shi ta wuyan riga, suna duba wayoyinsu suna duba fuskarsa. Wani ya sheme shi da ƙarfen cire taya, haƙoransa suka zubo a ƙasa. Yana rantsuwa, maƙwabtansa na rantsuwa, babu mai ji. Suka danne hannunsa na dama a kan gammon taya, wani ya ɗauko dutse ya yi ta bugawa. Har yau ina jin ƙarar ƙashin nan.

Na kutsa ina ihu cewa ni na ɗauka, kuskure ne. Wani ya mare ni har na faɗi, ya ce an saye ni. Sun fi yarda da bidiyona a kaina.

Da yamma tsohon ya karanta labarin daidai a rediyo. Ni ma na goge, na rubuta gyara, mutane kaɗan suka kula. Bidiyon kuwa ya riga ya kai Illela ta wayoyin da ban sani ba.

Kwana uku na yi kafin na iya zuwa asibiti. An yanke wa mai facin yatsu huɗu. Na durƙusa na faɗa masa ni ne, kunya kamar in nutse. Ya daɗe yana kallona, bakinsa a kumbure, sannan ya ce:

"Kai na tsaye nan lokacin da nis sabko?"

Na ce e, baba.

"Taki nawa tsakanina da kai?"

Na ce bai fi biyar ba.

"To mi ya hana ka tambaye ni?"

Ya juya fuskarsa bango. Matarsa ta ɗauko kwanon fura ta fara ba shi a baki, ni kuma na tashi na ba su wuri.