Ranar da na tashi yi wa injin taliyar Inna walda

Shekarun baya, likita ya raba mahaifiyata da taliya, kuma saura kaɗan abin ya raba mu da ita gaba ɗaya.

Sai kun san wace ce ita kafin ku gane maganar. A Kurmin Sarki, da wuya ka samu wanda ya girma bai ci taliyarta ba. Taliyar Hausa nake nufi, wadda ake kwaɓa fulawa a murza a inji a shanya a igiya, a dafa a zuba manja da yaji. Da ita ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Ni ban gama sakandare ba na kama walda. Ƙannena su suka yi karatun, suka tafi Abuja, yanzu aikinsu su kira waya su ba da umarni.

Da aka gwada ta aka ce ciwon suga ne, likita ya fara jerowa: ban da fulawa, ban da farar shinkafa, ban da wannan, ban da wancan. Inna ta saurare shi tsaf, sannan ta ce, "Ɗan nan, faɗi abin da ka bar min, zai fi mana sauri."

Muna dawowa gida ta goge injinta, ta naɗe shi a tsohon zane, ta tura ƙarƙashin gado. Daga nan ci ya tsaya. Matata za ta kai mata wake da kabeji, ta tsakura ta ture kwanon ta ce, "Ni akuya ce?" Tana ramewa ina kallo. Matar da muryarta ke tashin layinmu da safe ta koma wuni a kan tabarma, fuska ga bango.

Ƙanena ya kira ya ce, "Yaya, akwai taliya ta musamman ta masu suga a manyan kantuna, ka nemo mata mana." Ka nemo mata. Shi da kantin ke bayan ofishinsa. Ranar da na je ɗaura wata ƙofa a Abuja na shiga kantin da kayan aikina a jiki, mai gadi yana bina da ido kamar zan saci firij. Na samo ta, ruwan ƙasa, a leda mai ƙyalli. Aka dafa, Inna ta tauna, ta tauna, ta ce, "Wannan igiyar takalmin waye kuka dafa min?"

Muna da maƙwabciya, malamar firamare ce 'yar Filato, katanga ce kawai tsakaninmu. Wata Lahadi ta dawo daga coci ta leƙo da ƙulli a hannu. Ta ce, "Oga mai walda, a wajenmu masu suga acca suke ci. Ga wannan, daga gida aka aiko min, a gwada wa Mama." Aka yi fatenta da ganye, ƙamshi har waje. Inna ta leƙa kwanon ta ce abincin tsuntsu ne, a kai wa tantabaru.

A nan dabara ta zo min, irin ta wanda bai taɓa kwaɓa ko kunu ba. Na ce tunda taliya take so, acca kuma ake so ta ci, ai sai a yi taliyar acca. Me ya yi wuya?

Na kai aka niƙo, na jawo injin daga ƙarƙashin gado, na ɗaure shi a benci a tsakar gida. Na kwaɓa, na cusa, na murza. Abin da ya fito ta ƙasa ba taliya ba ne, yashi ne. Na ƙara ruwa, ya zama taɓo. 'Yan silin da suka fito na ɗauka a hankali na rataya a igiya, kafin in juya sun zube, kajin gidan suka yi biki. Matata ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Inna tana kwance ta ba mu baya, wai barci take.

Ni kuwa mai walda, in abu ya ƙi, ƙarfe nake zargi. Na duba injin na ce wa matata, "Haƙoran ne suka cinye. Bari in kai shi shago in sa masa wuta in matse bakin."

Ban rufe baki ba na ji daga bayana: "Kai! Ajiye min injina!"

Na waiwayo, ga Inna zaune daram, tana gyara ɗankwali.

"Ka kai masa wuta ka gani, ni da kai ne a garin nan. Injin da ya girmi gemunka? Wa ya ce maka acca tana da danƙo? Ƙaton banza, ka ɓata wa baiwar Allah accarta. Matsa!"

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba. Na matsa.

Ta sa na sayo alkama, ta ce a niƙa da dusarta kada a tankaɗe. Ta sa aka kawo garin wake. Ta ce a miƙo mata kuka, tunda ita ke riƙe ɗanwake a tukunya. Ta aika aka kira Malama, suka zauna a benci ɗaya suna gardama, wannan na cewa a ƙara acca, waccan na cewa, "'Yar nan, ke kin san alli, ni na san kwaɓi."

Ba a dace nan take ba. Ta farko ta narke a tukunya ta zama fate. Wata ta yi tauri. Wata kuka ta yi mata yawa tana santsi kamar miya. Amma kowacce aka sauke sai Inna ta ɗiba ta ji inda aka kuskure. Matata ta ce, "Inna, a ƙaro miki ne?" Ta ce, "Ba ci nake ba, ɗanɗanawa nake." Muka kalli juna. Ɗanɗanon nan har da suɗe kwano.

Wadda ta tsaya daga ƙarshe gajeriya ce, launinta tsakanin kore da ruwan ƙasa, ba ta hawa igiya, sai dai a baza ta a faifai a inuwa. Inna da kanta ta ƙulla a leda muka kai wa likita. Ya tambayi abin da ke ciki, ya ce ta ci, amma kaɗan, zogale ya fi taliyar yawa a kwanon, manja kuma a ɗiga, kuma kada ta bar maganinta.

Ta ce, "Yaji fa?"

Ya ce, "Yaji babu laifi, Hajiya."

Ta ce, "To yanzu ka zama likita."

Yau mata daga Iku har Tafa suna sallama a gidanmu, masu suga da masu jinyar masu suga. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba ta kai ta fulawa daɗi ba, duk wanda ya ce ta kai yana jin tsoron Inna ne. Ni ma ba mutum ba ne mai yawan murna, duniya ba ta yi min abin da zan riƙa washe baki ba. Amma na gane abu ɗaya: likita su fulawa kawai ya hana ta, mu ne da tausayinmu muka zaunar da ita muna kai mata kwano kamar baƙuwa a gidanta.

In na taso daga shago da yamma, tun daga zaure nake jin injin yana ƙiiƙi-ƙiiƙi. Kunnena na mai ƙarfe ya san daidai inda ya saki, kuma gyaran ba zai ɗauke ni komai ba. Sai in yi sallama, in wuce in wanke hannuna.