Tambayar da Ke Ƙarƙashin Maki

Mijina malami ne a ƙaramar makarantar cocinmu a Talata Mafara. Yana da wata al'ada. In ya duba littafin yaro ya sa maki, sai ya rubuta a ƙasa da jan biro, "Wa wannan ya amfana?" Yakan ce Allah bai halicci kai daban, zuciya daban ba. Duk abin da yaro ya koya na Ubangiji ne, kuma sai ya kai ga maƙwabci kafin a ce an koya. Wasu iyaye sun yi ta gunaguni, amma bai daina ba.

Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Lokacin ɗiyarmu tana aji uku na sakandare. Ba ta yi kuka a jana'iza ba. Ta daina magana, ta duƙufa ga littattafai. Ta zo ta ɗaya a zangon, amma in na yi addu'a kafin abinci sai ta sunkuyar da kai, ba ta cewa amin. Na ji tsoro ƙwarai. Na ce a raina ta gaji kan ubanta, zuciyar kuwa an binne ta tare da shi, ni kuma karatuna bai kai in gyara ba.

Wata Talata ina kasuwa, wata tsohuwa mai sayar da nono, da ke zuwa daga wajen Bakura, ta kira ni. Muka gaisa, ta yi min ta'aziyya, sannan ta ce, "Ke ce uwar malama?"

Na ce, "Inna, mijina ne malamin."

"A'a, ƙaramar nika nufi, mai ɗaure fuska kamar alƙali."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da kwalayen magani biyu. An zana rana a jikin na safe, hoton wata a jikin na dare. Ta ce da can haɗa su take ta shanye da safe, jiri ya riƙa ɗibarta, har ta taɓa ɓarar da ƙwarya guda. Ɗiyata ce ta karanta mata takardar asibiti, ta yi mata zanen. Duk ranar kasuwa, in an tashi makaranta, sai ta biyo ta duba ko ta sha daidai.

"Har faɗa take man," in ji tsohuwar tana dariya. "Ni da na yi jika da ita!"

Na koma gida kafin ɗiyata ta dawo. Na buɗe littafinta na kimiyya, abin da ban taɓa yi ba. Ƙarƙashin makin sabon malaminsu ta rubuta tambayar ubanta da fensir. A wasu shafukan ta amsa. Wasu ta bar su fili.

Na mayar da littafin inda yake, na zauna har idona ya bushe. Da ta shigo, na dama mana fura da nonon da tsohuwar ta ba ni. Na yi addu'a. Ranar ma ba ta ce amin ba, ni kuma ban matsa mata ba. Na miƙa mata ludayi.