Amya Ɗaya da Ta Rage wa Metod

Metod Arh mutum ne da Allah bai dafa masa zama ba. Yana saurayi ya tafi gari aikin narka ƙarfe, kafin shekara ta zagayo ya tattaro tsummokaransa ya dawo, wai rufin masana'antar yana danne masa kai. Ya tuƙa kwalekwalen baƙi a tafki, ya sari itace a dutse, ya yi kiwon shanu a tudu, kowanne ya ɗanɗana ya ajiye. Abin da ya riƙe shi guda ne: rumfar ƙudan zuman da ubansa ya bar masa a bayan coci, amyoyin katako jere a kan juna, kowace da zane a goshinta.

Bara cuta ta shiga rumfar ta yi masa kaca-kaca. Amya ɗaya tak ta tsira, mai zanen zomaye ɗauke da gawar maharbi, kuma ita kaɗai ta rage daga irin da ubansa ya yi kiwo. Sauran duk fanko ne, sai dai baƙi ba su sani ba. Da sanyi ya kama, dusar ƙanƙara ta rufe duwatsu har bakin tafki, sai su cika ƙauyen da jajayen riguna, su hau tudun da rumfar take suna ɗaukar hoton akwatunan da babu kowa a ciki. Metod kuwa ya tsaya a shinge yana harararsu kamar mai gadin gonar rake.

Ga mutum irinsa, hunturu azaba ce. Aikin mai zuma a wannan lokaci shi ne ya cire hannunsa. Ƙudan sukan dunƙule wuri guda su kewaye uwarsu suna ɗumama juna, wanda ya buɗe musu murfi ya shigar da sanyi ya kashe su da hannunsa. Abin da aka yarda da shi kawai, ka kara kunne a jikin katakon, ka ƙwanƙwasa sau ɗaya da yatsa. In suna raye za su amsa da ɗan ruri, su yi shiru.

"Tsoho, ka zauna mana, ka cinye mini dandamalin ɗaki da zirga-zirga," in ji matarsa Zalka, tana juya miyar kabeji da wake.

"Zan leƙa su ne in dawo."

"Ɗazu fa ka dawo. Ni da ka aura ba ka taɓa leƙa ni haka ba."

"Ke ai ko daga ƙetaren tafki ana jin kina raye."

Ya ja hularsa ya fice. Ranar ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya juya ɗaya kunnen, shiru. Ya sauko bakin tafki ya yi ta kai da komo tsakanin kwalekwalen da aka kife, ya koma ya sake ƙwanƙwasawa, abin da da wani ya gani yana yi da ya ci masa mutunci. Bai gaya wa Zalka ba. Abinci ya ƙi shiga, burodin zaƙin nan na potica da ta gasa don zuwan 'yarsu ma ko kallo bai yi masa ba.

'Yar tasu, Alenka, ta iso daga birni washegari da hantsi, ta zo hutun kwana biyu. Ta rungume shi ta ce, "Baba, ka rame."

"Uwarki ce ba ta iya girki ba."

"Ji shi!" in ji Zalka. "Kishiyoyina ne na kan tudu suka hana shi barci."

Suna cikin dariya ya sulale. Ya san ka'idar sarai, shi ya koya wa rabin ƙauyen. Amma zuciyarsa ta yi ta raya masa: in yunwa ce ta kwantar da su, watakila akwai sauran masu rai, ya ɗora musu dunƙulen sukari ya cece su. In kuwa ya jira bazara, gawa zai share. Ya zagaya rumfar, ya sake zagayawa, ya kama ƙofar baya ya saki. Can dai ya ciro wuƙarsa ya ɓamɓare murfin.

Ga su nan, dunƙule guda kamar kan mutum, lafiyarsu ƙalau, zuma cike a saman saƙar. Sanyi yana bugunsu dunƙulen ya motsa, ya fara warwarewa. Wasu suka taso suka bi hasken waje, ba su yi nisa ba suka zube a kan dusar ƙanƙara, ɗigo-ɗigo baƙi.

"Baba! Me kake yi haka?"

Alenka ce a bakin rumfar, ta biyo sawunsa. Nan take ya mayar da murfin, ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓe amyar da ita.

"Sun yi shiru ne," ya ce. "Tun jiya ba su amsa ba."

"Shiru? Baba, tun daga shinge nake jin rurinsu."

Ya dube ta, ya dubi amyar. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin katakon, ya ji yana ɗan kakkarwa a fatarsa. A kunnensa kuwa babu komai. Ashe kunnensa ne ya fara mutuwa, ba ƙudan ba. Ya durƙusa ya fara tsintar waɗanda suka faɗi, yana tara su a tafinsa yana hura musu numfashi, wasu suka motsa ƙafa, da yawa ba su motsa ba. Ko uwar ta sha sanyi, ko ba ta sha ba, sai bazara za a sani.

Tun rasuwar ubansa ba wanda ya taɓa kara kunne a amyarsa sai shi. Ya matsa gefe ya ba ta wuri.

"Zo, 'yata. Sa kunnenki ki gaya mini ko sun lafa."

Ta sunkuya ta saurara. Shi kuma ya tsaya cik a cikin sanyin, daga shi sai 'yar shara, idonsa a kan leɓenta.