Santimita Talatin da Biyun da Na Ɓoye wa Muntari

Ranar Talata, 12 ga Agusta 2025, da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, Allah ya karɓi ran Muntari Idirisu a babban asibitin Damagaram, bayan jinyar kwana uku ta zazzaɓin cizon sauro da ya hau masa kai. Shekararsa ashirin da huɗu da wata biyar. Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma, babu wanda zai yi saura. Ƙanwarsa Nafisa ce ta kira ni ta gaya mini. Na sa ta maimaita har sau biyu, don ni ba na yarda da magana sai na tabbatar. Wannan karon tabbatarwar ba ta amfane ni da komai ba.

Muntari, shekara uku muka yi a aji ɗaya muna karatun jeni sibil, wato ilimin gina hanyoyi da gadoji da gidaje. Mutane da yawa sun faɗi alherinka a zaman makoki, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ni ma zan faɗa. Amma akwai abin da ni kaɗai na sani, kuma idan na rubuta yabo zalla na bar shi, na sake yi maka ƙarya ke nan.

Na yi hassadarka tun satin farko, ranar da Mushe Kyari, malaminmu na nazarin ƙasa ("Mushe" muke ce wa malami, daga Faransanci), ya zube mana jar ƙasa a kan tebur ya ce mu faɗi yawan laka da ke cikinta. Ni na soma lissafa gwaje-gwajen da za a yi. Kai kuwa ka ɗebi kaɗan, ka jiƙa ta da ruwan buta, ka murza a tafin hannu har ta zama zare, ka ce, "Mushe, kashi ashirin cikin ɗari, ko ta ɗara kaɗan." Da aka gwada, ashirin da biyu aka samu. Ka yi dariya ka ce babu wata gwaninta a ciki, mahaifinka magini ne a unguwar Birni, a cikin kwaɓi ka yi rarrafe. Ajin duka aka yi ta tafi. Ni ma na tafa, amma a ranar na buɗe shafi a bayan littafina na soma rubuta makinka kusa da nawa. Jarrabawa arba'in da ɗaya muka yi tare. Sau uku kacal na fi ka, kuma a ɗaya daga ciki kana fama da ciwon haƙori.

Kai ka raɗa mini suna Malam Milimita, saboda ba na barin lamba ta wuce ban duba ta sau uku ba. Ba da raini kake faɗa ba. Kana cewa, "Ni ina gani da sauri, kai kana gani daidai. Idan muka buɗe kamfani, ni zan yi surutu, kai ka hana mu shiga kurkuku." Ina jin daɗin maganar, ina kuma jin zafinta, don na san wanda mutane za su riƙa tunawa a cikinmu.

Ni ɗan Kara-Kara ne. Akwai 'yan ajinmu da idan an ambaci unguwarmu sai su kalli juna. Kai kuwa hutun farko ka zo har gida, ka zauna a tabarma, ka sa hannu a kwano ɗaya da ni, ka nemi ƙarin miya. Da damina ta 2023 ta kayar da katangar ɗakin mahaifiyata Fanta, washegari sai ga ka da igiyar awo da cokalin ginin babanka. Kwana huɗu kana ɗora tubali ina miƙo maka kwaɓi. Ka ƙi karɓar komai sai fura. Daga ranar Inna ba ta kiranka sai "ɗana injiniya." Ni da ta haifa, mai karatu iri ɗaya da naka, ban taɓa jin ta kira ni haka ba. Katangar tana nan tsaye, ko tsagewa ba ta yi ba. Na sha duba ta, kuma Allah ya sani ba kullum da kyakkyawar niyya nake dubawa ba.

Kai ne kuma ka koya mini tsayuwa a gaban jama'a. Ka san muryata tana rawa idan an zuba mini ido. Kafin kowane bayani a aji sai ka ja ni gindin dogon yaro ka zauna a ƙasa, ka murtuke fuska kamar malami, ka yi ta jefo mini tambayoyi har tsoron ya ragu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Aikinka na kammala karatu shi ne tsara wata ƙaramar gada ta kankare, wadda muke kira dalo, a kan ƙoramar da ke raba wani ƙauye na ƙasar Hamdara da hanyar kasuwa. Duk damina ruwa yana tsare mutanen ƙauyen kwana biyu ko uku. Nawa aikin a kan ƙasar hanyar ne, don haka tare muke zuwa a babur ɗinka. Kai kana duba na'urar awon tudu da kwari, ni ina riƙe maka sandar awo.

Ga wanda bai san aikin ba: duk awon da za a yi, daga wuri ɗaya tabbatacce ake ɗaukarsa. Idan wurin ya motsa, duk lambobin da suka biyo baya sun motsa. Ranar Asabar, 12 ga Afrilu, muka kafa turken itace a gonar wani dattijo, Malam Alkasum, muka auna gindin ƙoramar daga kansa. Asabar ta gaba, 19 ga wata, muka koma don auna inda ruwa yake kaiwa idan ya cika, wanda dattawan ƙauyen suka nuna maka a jikin wani gawo.

Da na je ɗora sanda a kan turken, kana can nesa da na'ura, sai Malam Alkasum ya matso kusa da ni.

"Samari, kun ga abinku lafiya ko? Ranar Laraba muka ƙone karan gona, na ce kar wuta ta ci muku shi. Na tuge shi na kafa muku a nan kan iyaka, wurin ya fi tudu."

Alheri ya yi mana iya saninsa. Na yi masa godiya. Na ɗora sandar a kan turken da ya motsa, ka ɗaga mini hannu alamar ka karanta, ban ce maka komai ba.

A ka'ida, idan an gama awo sai a koma a rufe shi a kan wata alama ta biyu, kuma da mun yi haka da kuskuren ya fito da kansa. Amma kafin mu kai nan aka zo neman mai babur, wata mata tana naƙuda tun safe. Ka bar ni da kaya, ka ɗauke ta da mijinta zuwa asibiti. Da ka dawo rana ta yi zafi, ka ce, "Malam Milimita, ya isa haka, an samu ɗiya mace, mu je mu ci abinci."

Na ce wa kaina sai na tabbatar kafin in yi magana. Ranar 26 ga Afrilu na aro na'ura na koma ba tare da kai ba. Malam Alkasum ya nuna mini ramin farko, ya riƙe mini sanda. Bambancin santimita talatin da biyu ne. Ma'anarsa, a lissafinka ruwan ƙoramar ya fito ƙasa da inda yake kaiwa a zahiri da santimita talatin da biyu, kuma bakin dalon da za ka tsara zai yi wa ruwan kaɗan. Na tabbatar ke nan. Duk da haka na yi shiru.

Ranar Litinin, 2 ga Yuni, ka kawo mini aikinka gaba ɗaya, shafi sittin da takwas.

"Duba mini, mutumina. Idan ya wuce idonka, babu malamin da zai kama ni."

Na riƙe shi kwana biyu. Na gyara maka waƙafi, na gyara lambobin shafi, na gyara sunan wani littafi da ka rubuta ba daidai ba. Ka tambaye ni, "Lissafin fa?" Na ce, "Lafiya lau yake." Ka dafa kafaɗata ka tafi kana waƙa.

Abin da nake so ba wani babban abu ba ne, kuma shi ya sa ya fi ba ni kunya. So nake ranar kare aiki a gaban malamai wani ya tambaye ka inda ka rufe awonka, ka yi shiru sau ɗaya a rayuwarka, ina zaune ina kallo. Ranar Alhamis, 10 ga Yuli, babu wanda ya tambaya. Ka samu sha bakwai da rabi bisa ashirin, na samu sha biyar. Ka rungume ni a bakin ƙofa ka ce wa mahaifinka, "Baba, ga wanda ya duba mini." Na lallashi zuciyata da cewa aikin ɗalibi ne, a kan kanta zai ƙare, ƙura ta rufe shi kamar sauran.

Wata ɗaya da kwana biyu bayan haka ka rasu. A jana'izarka a Birni na ƙirga sahu goma sha ɗaya. Ina tsaye a na huɗu, hawaye na zuba, kuma a cikin wannan halin sai na ji zuciyata tana tambaya sahu nawa za a yi a kaina. Ban san hassada tana bin mutum har bakin kabari ba sai ranar.

Ranar addu'ar uku mutanen ƙauyen suka zo su tara, Malam Alkasum a gaba, har da mijin matar da ka kai asibiti. Bayan an shafa fatiha suka ce sun yi shawara, sun haɗa ƙarfi, sun sami mai taimaka musu da siminti da ƙarfe. Da zarar ruwa ya ɗauke za su gina dalon yadda ka zana shi, ba za su canza ko layi ɗaya ba, don ya zame maka sadaka mai gudana. Mahaifiyarka Hajiya Kulu ta aiko daga cikin gida a ce musu Allah ya yi albarka. Kowa ya ce amin. Ni na san idan aka gina shi haka, ranar da ƙorama ta cika ruwa zai hau kansa ya ci gefensa, kuma mai jaki ko mai goyo da ya yarda da sunanka zai sa ƙafa.

Kwana biyar na yi ina juya maganar. Idan na faɗa, na tona kuskuren mamaci, na kuma tona kaina. Na yi tunanin in ce yanzu na gano. Da babu wanda zai ƙaryata ni, sai dai littafina, inda na rubuta kwanan wata da hannuna.

Ranar Laraba, 20 ga Agusta, bayan la'asar, na sami mahaifinka Malam Idirisu shi kaɗai a zaure. Na durƙusa na gaya masa komai, na buɗe masa shafin da na rubuta awon. Bai katse ni ba.

"Nawa ka ce, Yunusa?"

"Talatin da biyu, Baba."

Ya buɗa yatsunsa a kan tabarma ya auna. "Taƙi ɗaya da rabi. Ruwa ba ya raina taƙi da rabi." Ya ɗago kai. "Shi ya ba ka ka duba masa?"

"Shi ne, Baba."

"Ka ce masa lafiya lau?"

"Haka na ce."

Ya ce, "Kuskure ba abin kunya ba ne ga magini. Ni da hannuna na rushe katangar da na gina, ba sau ɗaya ba. Da ka gaya masa, da dariya zai yi ya hau babur ya koma. Abin da ka yi kuwa ba ni ka yi wa ba, saboda haka ba ni da abin da zan yafe maka. Mai yafewar mun kai shi makwanci. Tashi ka je ka gyara masa aikinsa, kar a kashe wani da sunan ɗana."

Na gyara. Tsayin bakin dalon ya tashi daga mita ɗaya da rabi zuwa mita biyu, ƙarfen ya ƙaru yadda ya kamata. Na kai wa Mushe Kyari ya duba, na gaya masa yadda aka yi ban rage komai ba. Sauran aikin duka, wurin da ka zaɓa, da tushen, da yadda ka karkatar da bakin ya fuskanci ruwa, bai sami abin taɓawa ba. Ni ma na nema ban samu ba. Sunanka ne a kan zanen, kai kaɗai. Ranar Asabar zan kai shi ƙauyen, in gaya musu da bakina cewa Malam Alkasum ba shi da laifi, kai ma ba ka da shi, kuma zan tsaya a kan aikin tun daga haƙa tushe har a cire katakon da ke riƙe kankare.

Ban rubuta wannan don a ce na yi jarunta ba. Na rubuta ne don duk wanda ya ji an canza zanen Muntari ya san dalili, kar ya ce aikinsa ne bai yi kyau ba. Ya miƙa wa abokinsa amana, abokin ya ɓoye gaskiya wata huɗu.

Muntari, ba zan ji amsarka a duniya ba, kuma wannan ne rabona. Ina roƙon Allah ya nuna maka abin da na yi, ya kuma sa ka yafe, kamar yadda na san halinka.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Ya sa duk ƙafar da za ta haye wannan ƙorama lafiya ta zama lada a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Malam Idirisu, da Hajiya Kulu, da Nafisa da sauran 'yan'uwa, da Mushe Kyari da 'yan ajinmu, da mutanen Birni da na Hamdara, da mahaifiyata wadda ita ma ta yi rashin ɗa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Wanda ya karanta ya yi masa addu'a, idan da saura ya sa ni a ciki. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, babu haƙƙin kowa a wuyanmu.

Yunusa Gana
Kara-Kara, Damagaram