Tsaikon da Kwamfuta Ta Ƙi Karɓa

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Romi, ƙanwata za ta yi aure, sai mahaifiyata ta kafe cewa dole kwaya, wato mawaƙan cocinmu, ta rera waƙar da marigayi mahaifinmu ya tsara. Shi kuwa bai taɓa rubuta ta ba, a bakin Mama kaɗai ta rage. Ni sarkin karambani na ce a bar min, ai akwai manhajar kyauta ta rubuta kiɗa.

Mama ta rera, na naɗa a waya, na zauna jera sautuka. Komai lafiya sai a layi na uku, inda take ɗan tsayawa, bugu ɗaya ya yi yawa. In na cusa shi, manhajar ta ture duk sauran gaba, kalmomi su rabu da sautinsu. In na cire, kunnena ya ƙi yarda. Na buɗe littafin bayaninsu, Turanci kamar na lauya, na fito da ciwon kai.

Sai na kai kuka dandalin masu amfani da manhajar. Wani ya tambayi samfurin da nake amfani da shi, na faɗa, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Wani ya ce an amsa wannan tuntuni, in je in bincika. Biyu suka kaure da gardama kan abin da ban tambaya ba. Raina ya ɓaci matuƙa, ga data na ƙonewa, ga biki na matsowa. A ƙarshe wani bawan Allah ya karɓi fayil ɗin, ya share tsaikon, ya ce mai rerawar ce ta yi kuskure. Don gajiya na yarda.

Kwaya ta koya daga sautin kwamfuta, tsaf. Ranar gwaji Mama ta zauna a bencin baya, suna kai layi na uku ta ɗaga hannu.

"Ina kuka kai numfashinsa?"

"Mama, an yi min kwarekshan ne, wurin akwai kuskure."

"Kuskuren wa? Ƙurar auduga ta masaƙar Kakuri ta cinye wa babanku ƙirji. Nan yake tsayawa ya ja iska, ni kuma in jira shi. Ku mayar."

Na koma dandalin a fusace, na rubuta labarin yadda yake. Wannan karon babu mai gardama. Mutumin da ya share tsaikon ya ba ni haƙuri, ya nuna min inda ake ƙara wa gaɓar kiɗa guda tsawo, abin da ke ɓoye can cikin littafin nasu.

Har yau ina jin haushin wahalar da suka ba ni kan abu kaɗan, kuma na daina barin wanda bai san mai waƙa ba ya gyara masa ita. Ranar bikin, da aka kai layi na uku, kwaya ta yi tsit. A cikin shirun nan na ji Mama ta ja numfashi.