Ranar da Preben Ya Zauna Cin Suaasat

Preben ya sauka a Aasiaat, garinmu na can arewa mai tsananin sanyi, a farkon bazara, lokacin da ƙanƙarar bakin gaɓa ta fara tsagewa. Jirgin ruwan da ke bin gaɓa ne ya kawo shi, da jaka ɗaya a kafaɗa da takalmin da bai dace da ƙasarmu ba. Ni aka tura in tarye shi, don uwata da uwarsa ciki ɗaya suka fito, kuma a danginmu ni ce bakina ya fi faɗawa da harshen Danmak, saboda na daɗe ina aiki a kicin ɗin asibiti tare da mutanensu.

Ban sha wuyar gane shi ba. Fuskar kawunmu ce sak, aka ɗora ta a kan dogon mutum mai tafiyar Turawa. Na ce masa ni ce Dorthe, ya miƙo hannu, ya tambaye ni yaushe jirgin zai sake biyowa ta nan a hanyarsa ta komawa kudu. Ko gaisuwa ba mu gama ba.

Labarinsa kowa a danginmu ya sani, shi kaɗai ne bai san farkonsa ba. An haife shi a wani ƙaramin ƙauyen mafarauta da ke gabas da mu, a shekarun da tarin fuka ke kwasar mutane. Yana jariri ciwon ya kama uwarsa, aka ɗauke ta zuwa Danmak neman magani, aka haɗa da shi tunda nono yake sha. Uwar ba ta dawo ba. Shi kuma wasu mata da miji da ba su taɓa haihuwa ba suka karɓe shi, suka raɗa masa Preben. Ubansa ya tambaya har ya gaji, ya rasu bai sake ganinsa ba. Aka bar yayarsa Bolette, wadda ba ta wuce shekara bakwai ba ranar da jirgin ya tafi da su.

Mutanen da suka riƙe shi ba su cuce shi ba, shi da kansa yake faɗa. Amma tunda ya yi wayo bai iya zama wuri ɗaya ba. Ya yi tuƙin bas, ya yi rufin gidaje, ya yi dafuwa a jirgin dakon kaya, ya yi gadi a wata makaranta. Aure biyu, duka suka mutu ba tare da faɗa ba. Matan sun gaji ne da mutumin da ke cin abinci a tsaye. Sai da matar da ta raine shi ta kwanta ciwon ajali ta faɗa masa sunan ƙauyensu, ta ce akwai yarinya da aka bari a baya. Lokacin ya haura arba'in.

Bolette ta jira mu a bakin ƙofarta, ta sa rigarta ta zuwa coci. Gajeruwa ce, ba ta kai masa ƙirji ba. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta kama hannun rigarsa, ta ce, “Aqqalu.” Haka mace ke kiran ƙanenta. Ya juyo gare ni yana neman fassara, na ce ai ba suna ba ne, kai ne. Ya ce to, ya gode, ya tambaya ko akwai inda zai sha taba.

Mijinta Apollo, maharbi ne, baki gare shi kamar reza. Ya leƙo daga ciki ya ƙare masa kallo, ya ce da ni, “Dorthe, ki tambaye shi, a can taki suke zuba wa yara? Wannan in ya hau kwalekwalena ai sai mu kife.”

Na fassara rabi. Preben ya yi murmushin da bai kai ciki ba.

A daren farko, in dare za a kira shi, tunda rana ta daina faɗuwa, Bolette ta ɗora suaasat, miyar namanmu ta gargajiya. Ba wani abin da za a dafa wa ɗan gida da ya dawo in ba shi ba. Apollo ya harbo puisi, wato karen teku, da safe, ta yanka haƙarƙarin da wuƙarta mai kamar jinjirin wata, ta zuba albasa da shinkafa da gishiri. Ƙamshin ya cika gidan. Preben ya shigo daga shan tabarsa, ya leƙa tukunya, ya ga naman baƙi ƙirin da farin kitse yana yawo a sama. Ya ja da baya. Ya ce cikinsa bai daidaita ba tukuna saboda jirgi, ya fita.

Washegari ya je kanti ya sayo baƙin burodi da man hanta na gwangwani da ake shafa wa burodi, irin wanda ya saba. Da su ya rayu har makonni. Kullum da uzurinsa: yau ya riga ya ci, gobe kansa ke ciwo, jibi yana da wanda zai gani a tashar jirgin ruwa, shi da bai san kowa ba. Da zarar ya ji an buɗe murfin tukunya, sai ka ji ƙofa ta rufe.

Yawo yake yi. Daga gidan Bolette zuwa tasha, daga tasha zuwa maƙabarta, ya hau dutsen da ke bayan coci, ya sauko, ya bi ta inda ake ɗaure karnuka su yi ta haushinsa, ya sake komawa tasha. Ina wanke tukwane a asibiti ina hango shi ta taga yana wucewa, hannu a aljihu, kai a sunkuye. Garin namu tsibiri ne, duk inda ka nufa ruwa zai tare ka. Matan kicin suka sa masa suna Mai Sintiri.

Wata rana ya tare ni a hanya ya ce, “Dorthe, me take so da ni? Tana zaune tana kallona kamar in yi wani abu. Ban san ta ba. Ban san me suke dariya ba. In na ce wani abu sai ta ɗaga gira ta yi shiru.”

Na ce, “Ɗaga gira ai amsa ce. Cewa take yi e. In ta yamutsa hanci shi ne a'a.”

Ya tsaya cak. “Tun da na zo tana amsa mini?”

“Tun ranar farko.”

Ya yi wata irin dariya marar daɗi, ya ce, “Kin gani ko? Can an ce ni ba nasu ba ne, fuskata ta faɗa. Nan kuma ko girar mutane ban iya karantawa ba.” Ya juya ya ci gaba da tafiyarsa, bai jira na ce komai ba.

Apollo kuwa bai raga masa ba. In Preben ya buɗe gwangwaninsa a gefen tebur, sai ya ce, “Ga Bature zai ci abincin kyanwa. Bolette, ki ɓoye masa madara kada ya shaƙe.” Bolette ta harare shi, ya ce, “To me na ce? Surukina ne, in ban tsokane shi ba wa zan tsokana, limamin coci?” Ita dai ba ta taɓa ce wa Preben ya ci ba. Kullum takan ajiye kwano a wurinsa, ta cika shi, in an tashi ta juye a tukunya.

Ranar da jirgin kudu zai biyo, sai ga Preben ya haɗa jakarsa tun da hantsi. Bolette ta aiko a kira ni. Na tarar da shi a tsaye bakin ƙofa, rigar sanyi a jikinsa, yana duba taga yana duba agogo, alhali ko hayaƙin jirgin ba a hango ba. Apollo yana zaune yana gyaran ƙugiya, yau ba tsokana. Tukunya tana kan wuta.

Preben ya ce, “Ki faɗa mata na gode. Ki ce ba laifinta ba ne. Ni ne haka, ko'ina haka nake.”

Na faɗa. Bolette ba ta juyo ba. Ta ɗebi miya ta zuba a kwano, ta zaɓi tsoka mai laushi ta kusa da ƙashi, ta ajiye a tebur. Sannan ta share hannunta ta fara magana, a hankali, tana tsayawa don in fassara.

Ta ce lokacin da aka haife shi, ita ce mai goyonsa in uwarsu ta tafi jeme fata. Ta ce kullum takan sa yatsa a bakinsa ta shafa dasashi, don uwarsu ta yi mata alkawari: ranar da haƙorinsa na farko ya fito, ita Bolette ce za ta ba shi namansa na farko, da hannunta. Ta ce dasashin ya fara kumbura, har ya fara cizon yatsarta yana dalalar da miyau, sai jirgi ya zo. Ta bi su har bakin ruwa tana ce wa uwar kada ta bari wani ya riga ta.

Ta dube shi tun daga ƙasa har sama, ta ce, “Ki tambaye shi, Dorthe. Haƙoran sun fito ko har yanzu?”

Na fassara duka, ban rage ko kalma ba.

Preben ya dubi kwanon. Ya dubi taga. Ya sauke jakar daga kafaɗa, ya sake ɗaukarta, ya sake saukewa. Sannan ya ja kujera ya zauna a bakin-bakinta, da rigar sanyinsa da komai, ƙafarsa ɗaya tana rawa har cokulan tebur suna ƙara. Ya kai hannu ga cokali, Bolette ta yamutsa hanci. Wannan karon ya gane. Ta yagi naman da yatsunta, ta hura, ta miƙa masa saitin baki. Ƙaton mutum mai furfura a gefen kunne ya buɗe baki ya karɓa.

Ya daɗe yana taunawa. Idonsa ya kawo ruwa, ban san ko na mene ne ba. Ya haɗiye da ƙyar.

Apollo ya kasa haƙuri, ya ce, “To, Bature, yaya?”

Preben ya goge baki ya ce, “Ki ce masa kamar na lashi ƙarfen angar jirgin ruwa da aka jiƙa a romon hanta.”

Da na fassara, Apollo ya bushe da dariya har ƙugiyar ta faɗi. “Ya faɗi gaskiya! Wallahi haka yake! Bolette, shekara nawa ina ci ban samu mai faɗa miki ba.” Ta ɗauki tsumma ta jefe shi da shi, ita ma tana dariya tana share ido. Ta tura wa ƙanenta kwanon, ta ce ya sha romon, romon ne maganar. Ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Ya ce romon da dama, shinkafar ta sha kitse, yana jin ɗuminsa har tafin ƙafa. Ya ci tsoka biyu ko uku, kitsen dai ya ture shi gefe, Apollo ya kai hannu ya kwashe.

Da jirgin ya yi kuka daga bakin tsibiri, Preben ya miƙe zumbur. Na ɗauka zai fasa tafiyar. Bai fasa ba. Ya ɗauki jakarsa, ya sunkuya, Bolette ta manna hancinta a kumatunsa ta shaƙa, yadda muke wa yaranmu. Muka raka shi tasha. Bai ɗaga mana hannu ba, yana ta kai da komo a saman jirgin har ya ɓace.

Kafin hunturu ya kama sosai sai ga shi ya dawo, da jaka biyu da takalmin kirki. Ya yi wata uku ya koma. Ya sake zuwa. A zuwa na uku ne wani mai motocin haya ya rasa direba, Apollo ya ce masa, “Ga surukina nan, ba ya iya zama, ka ba shi kujera mai tafiya.” Aikin da ya riƙe ke nan har yau, kuma bai taɓa daɗewa a kan wani aiki kamarsa ba. Hanyoyinmu ba su da yawa, daga filin jirgin sama zuwa masana'antar jatan lande an gama, amma yana zagaya su tun safe kamar an biyo shi. Harshenmu ya shige shi rabi da rabi. Tsofaffi suna hawa motarsa musamman don su ji yadda yake karya kalmomi, su sauka suna riƙe ciki.

Ba zan ce ya zama mai son suaasat ba. Ran Lahadi yakan ci rabin kwano a gidan Bolette, ya lafta masa mustad, wani yaji mai ruwan ɗorawa na Turawa, har Apollo ya ce an ɓata dabba a banza. Ya kama ɗaki a wani bene kusa da makaranta, ya sa labule, ya sayi tukunyar fure da ke mutuwa yana sake saye.

Watan jiya ya ɗauke ni daga asibiti, ƙafata tana ciwo. Muna cikin tafiya ya ce yana tunanin komawa Sisimiut, wani gari da ke kudu da mu, an ce can hanyoyi sun fi tsawo. Ya tambaye ni ko zan sayi firjinsa. Na ce ina da firji. Ya ce to in tambayi matan kicin, mai kyau ne, bai daɗe da saye ba. Ya sauke ni a ƙofar gida, kafin in juya in ce ya gaida Bolette, har ya sha kwana.