Garin da Yaya Lawali Ya Tafi da Sunansa

Shekara shida ke nan da muka sallaci Yaya Lawali a unguwar Tremont ta birnin New York, kuma har yau idan na ga tumatir a Fordham Road muryarsa nake ji. Ya kan ɗaga ɗaya, ya yatsine fuska, ya ce wannan ai a Italiya ko akuya ba za ta kalle shi ba.

Kafin ya zama direban tasi a nan Bronx, shi da ƙaninmu Sanusi sun daɗe suna ƙwadago a gonakin Italiya. Yaya bai san ƙasar da taswira ba, da amfanin gona ya santa. Calabria wajensa ƙasar lemu ce, Trento ta tuffa da sanyi. Lardin Foggia kuwa fili ne shimfiɗe kamar tabarma, tumatir iya ganinka, ga dutsen Gargano ya kutsa cikin teku. Garuruwan ma sunan gida suka raɗa musu, yadda 'yan ci-rani suka saba: wannan Zangon Sauro, wancan Tudun Tsofaffi.

A Tudun Tsofaffi aka binne Sanusi, bayan zafin rana ya kayar da shi a gona. Yaya ne kaɗai namu a wurin. Duk sanda Inna ta kira daga Damagaram, sai ya ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Da zarar takarduna sun fito zan je in gyara masa, in aiko miki hoto." Takardun ba su fito ba, ajali ya riga su.

Ni aikin jinyar tsofaffi nake yi. Wata tsohuwa 'yar asalin Lucera, a lardin nan na Foggia, na taɓa zayyana wa garin yadda Yaya ya zayyana mana: kan tudu, coci mai doguwar hasumiya, itatuwan zaitun, tsofaffi zaune a dandali. Ta yi dariya har da tari, ta ce ai na siffanta mata rabin Italiya. Sannan ta gaya mini abin da ya fi wannan ciwo. A can kabari ba na har abada ba ne. Bayan shekara goma ana tonewa, wanda ba a zo nemansa ba a haɗa ƙasusuwansa da na jama'a. Sanusi ya wuce shekara goma tuni.

Da Yaya zai leƙo yau, ya ga yadda waya ke nuna kowane lungu na duniya, da ya ɗora yatsa ya ce ga shi nan. Ni kuwa na bi garuruwan tudu ɗaya bayan ɗaya har idona ya gaji. Laluɓe a duhu ne kawai. Abokan aikinsu sun watse, wanda na samu a Jamus ma sunan Tudun Tsofaffi kawai ya sani.

Ina jin haushin Yaya, ba zan ɓoye ba, kewarsa kuma ta fi haushin. Abin da ya rage mana nasa sunayen nan ne da babu su a taswirar kowa. An ce mai nema yana tare da samu, ni dai na daina gaskata wannan.

Inna ta kusa tamanin, idonta ya raunana. Ranar Juma'a ta ce, "Hadiza, ko hoton ba zan gani ba yanzu. Ki dai faɗa mini sunan garin, in sa shi a addu'a."

Na ce, "Tudun Tsofaffi, Inna."

Ta maimaita a hankali, ta ce Allah ya ji ƙan mutanensa.